Daga Sandamu Zuwa Farafenni: Afirkar da Na Sani a Bakin Allo

Mu da muka shiga aikin koyarwa a ƙasar Daura wajen ƙarshen shekarun 1970 mun riski wani zamani da na bayanmu ba su gani ba. A lokacin, in ka leƙa ofishin malamai na wata sakandare ko kwalejin horon malamai a tsohuwar Jihar Kaduna, za ka iske ɗan Indiya yana duba takardun kimiyya, Bamisire yana shirya darasin Larabci, ga ɗan Pakistan can yana jiran ƙararrawa. 'Yan Gana kuwa sun fi kowa yawa. Kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, wato UPE, a watan Satumba na 1976. Yara suka cika azuzuwa har da gindin bishiyoyi, malamai suka yi ƙaranci, sai aka buɗe ƙofa ga duk mai takardar koyarwa, ko daga ina ya fito.

Ni haifaffen Sandamu ne, nan na yi allo, nan na yi firamare. Afirka a wurinmu darasin labarin ƙasa ce kawai: a haddace sunayen ƙasashe da manyan biranensu, a zana kogin Nilu da na Kwara, a ci jarrabawa, a manta. Dattawan garinmu suna da tasu taswirar wadda ba a rataye ta a bango. Akwai Gabas, hanyar alhazan ƙasa da ke ratsa Chadi da Sudan, inda mutum kan yi shekaru kafin a sake jin ɗuriyarsa. Akwai Gwanja, inda fatake ke kai kanwa su komo da goro. Akwai Kurmi. Sai kuma ƙasar Faransa, nan bayan Kwangwalam, wato su Matamaye da Magarya da Damagaram. Babu wanda ya taɓa gaya mana cewa taswirar bango da ta dattawa ƙasa ɗaya suke nunawa. Mutum uku ne suka haɗa mini su, kuma dukkansu malamai ne.

Masta

Na farkonsu shi ne malaminmu na lissafi a kwalejin horon malamai. Mutumin Asante ne daga wajen Kumasi, Kirista, dogo, mai tsabtar tufafi. Masta muke ce masa, shi kuma yana kiran kowa da sunan garinsa, don haka ni Sandamu ne a bakinsa har muka rabu. Ranar da ya fara shiga ajinmu, wani daga kujerar baya ya yi masa shaguɓe, yana ganin ai ba ya ji. Sai ya juyo ya mayar masa da Hausa, irin ta zangon Kumasi wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Aji ya kaure da dariya, shi ma ya dara. Ashe a gefen zango ya tashi, da 'ya'yan Hausawa ya yi ƙwallo, da ƙosansu ya girma.

Aikin koyarwa a wurinmu bai ba shi wahala ko kaɗan ba. Jarrabawar gama sakandare tamu da tasu ɗaya ce, domin hukumar WAEC da aka kafa a 1952 ta haɗa Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, daga baya Laberiya ta shigo. Tsarin shirya darasi, da kiran rajista, da faretin safe, da bulalar hedimasta, duk gadon Ingila ne da muka ci tare. A cikin aji ɗan gida ne. Sai an tashi yake zama baƙo. Hunturu ya farfasa masa leɓe da dugadugai, ya nemi ayabar dafuwa ya rasa, dole ta sa ya koyi tuwon dawa da miyar kuka, daga baya fura ta kama shi har ba ya wuni bai dama ba. In azumi ya kama, ko ruwa ba a ganinsa da shi a gabanmu.

Yana da wata hanya ta koyar da kaso cikin ɗari. Sai ya tashi ɗan manomi ya ce ya faɗi nawa aka sayi buhun gyaɗar ubansa. Ya rubuta a allo. Sa'annan ya rubuta abin da ake sayar da ita a kasuwar Landan, ya ce mu fitar da kason da ya shiga aljihun wanda ya duƙa ya noma. In mun gama, sai ya kawo farashin kokon da mahaifinsa ke nomawa, wanda Turawa ke cakulan da shi, a sake lissafi. Amsoshin biyu kullum kusa suke da juna. A lokacin dalar gyaɗa ta Kano ta riga ta baje, bayan farin 1973 da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, saboda haka maganar tana taɓa mu har ƙashi. Yakan ajiye alli ya ce: "Koko a Kumasi, gyaɗa a Daura, farashi a Landan. Sandamu, ka gane?" A ɗakinsa akwai hoton Kwame Nkrumah, wanda ya karɓo wa Gana 'yanci ran 6 ga Maris 1957. Ya taɓa gaya mana cewa albashin malami a ƙasarsu ya daina kai mutum ko'ina, shi ya fito da shi, amma jawabin da Janar Murtala ya yi a Adis Ababa a watan Janairun 1976 kan batun Angola shi ya sa ya zaɓi Nijeriya.

Bayan na fara aiki, wata Babbar Sallah na gayyato shi gida. Muka shiga Daura ya ga hawan Sarki Muhammadu Bashar, ya yi ta mamakin dawaki da lifidi da 'yan bindiga. Da yamma muka dawo Sandamu gabana yana faɗuwa, saboda kawuna. Kawu ya daɗe yana fawa a Kumasi, har ya yi gida da rumfa. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Dokta Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, ya dawo mana daga shi sai buta da tabarma da iyali. Ba a cika ambaton Gana a gabansa ba.

Da muka yi sallama a zaure, kawu ya dubi baƙon nan, sai ya gaishe shi da harshen Asante. Masta ya miƙe tsaye kamar an tsikare shi. Suka shiga hirar unguwanni da kasuwar Kumasi, mu muka koma 'yan kallo. Can sai Masta ya sunkuyar da kai ya ce: "Baba, ku yi haƙuri da abin da aka yi muku."

Kawu ya tura masa akushi ya ce: "Ɗana, kai ka sa hannu a takardar? Ci namanka."

Ran 17 ga Janairun 1983 reshe ya juye da mujiya. Rediyo ya sanar cewa gwamnatin Shagari ta ba baƙin da ba su da izinin zama mako biyu su fice, masu sana'ar ƙwarewa kuma aka ƙara musu zuwa ƙarshen Fabrairu. Kuɗin mai ya faɗi, aiki ya yi wuya, zaɓe yana tafe. 'Yan Gana kusan miliyan guda suka kama hanya da jakunkunan nan masu ratsi-ratsi da har yau ake kira da sunan korar. Masta ma'aikacin gwamnati ne, yana iya gyara takardunsa ya zauna. Amma ƙanensa da ke ɗinki a Kano dole ya tafi, kuma yaran da jiya ke rige-rigen ɗaukar masa littattafai sun fara yi masa waƙa a hanya. Ya ce ba zai iya tsayawa gaban aji da wannan a kunnensa ba.

Ya fito da kayansa yana sayarwa: rediyo, katifa, risho, da kekensa. Masu saye suna ta taya su da farashin wulaƙanci, sun san ba shi da lokacin ciniki. Da kawu ya ji ina son keken, sai ya kira ni ya ce: "In za ka saya, ka saya da kuɗinsa na kasuwa. Na san yadda ake sayen kayan korarre." Ya kuma haɗa masa ƙunshin kilishi da garin ɗanwake na guzuri. Bayan tafiyarsu, makarantu da dama a yankinmu sun daɗe ba su da mai koyar da lissafi da kimiyya. Waɗanda suka biya bashin korar nan yaranmu ne.

Taubashina na Matamaye

Na biyu ba baƙo ba ne, jinina ne. Gwaggona ta yi aure a wani ƙauye kusa da Matamaye tun kafin a haife ni. Ɗanta na fari tsarana ne, taubashina, wanda tun muna yara muke gardamar wane ne bawan wani. Shi ma malami ya zama. Ya yi makarantar horon malamai a Damagaram, aka tura shi ƙauye, yara suna ce masa mushe, makarantar kuma lakwal.

Iyakar da ke tsakaninmu ba tsohuwa ba ce. Bayan jihadi, gidan sarautar Daura na asali ya yi zaman hijira a Zango da Baure ƙarƙashin inuwar Damagaram, har Turawan Ingila suka mayar da Sarki Musa gadon Daura a 1906. Daga wannan shekara zuwa 1908 jami'an Ingila da na Faransa suka bi daji suna kafa turakun iyaka, suka raba dangi, suka raba gonaki. Ga manomi da mai jaki turakun ba su canza abu mai yawa ba. Kasuwar Mai'adua ta ran Lahadi tamu ce tasu ce, aure da suna da jana'iza duk tare ake yi. Abin da turaku suka kasa rabawa, makarantar boko ce ta raba.

Wani dogon hutu ya zo Sandamu, muka zauna bayan la'asar kowa ya buɗe jakarsa. Na kasa karanta shirin darasinsa, ya kasa karanta nawa. Na ce to mu koma lissafi, tunda lamba ba ta da yare. Muka ɗauki lamba ɗaya muka raba. Amsa ta fito daidai, amma shi ya jera aikinsa ta wata siga da ban taɓa gani ba, inda nake sa ɗigo shi waƙafi yake sawa, bakwai ɗinsa kuma da sanda a gicciye. Ya dube ni ya ce: "Kai bawana, haka Ingilishi suka koya muku rabo? Shi ya sa kullum ake cutarku a gado." Na tuna Masta, wanda ya fito daga nisan duniya amma bai taɓa tuntuɓe da allonmu ba. Ga wanda muka sha fura a ƙwarya ɗaya, a gida ɗan'uwa, a aji baƙo.

Da muka shiga tarihi abin ya fi haka. Shi ya san Samori Ture, da Lat Diyor na Senegal, da Sarauniya Mangu ta Lugu wadda ta tsaya wa rundunar Faransa a 1899, da Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga. Ni na san Sarkin Musulmi Attahiru da yaƙin Burmi na 1903, da Jaja na Opobo, da tawayen Satiru. Yana cikin ba ni labarin wani makahon malami, Alfa Saibu, wanda ya tayar wa Faransawa a Kobkitanda a ƙarshen 1905, sai ya ce littafinsu ya tsaya a inda malamin ya tsere ya shiga ƙasar Ingilishi. Na ce masa ai namu daga nan ya fara. Shi ne Ɗan Makaho da ya iso Satiru, kusa da Sakkwato, aka yi abin da aka yi a farkon 1906. Labarin mutum ɗaya, rabi a jakarsa, rabi a tawa, kuma kowannenmu ya yi shekaru yana koya wa yara rabinsa a matsayin cikakke.

Abu ɗaya muka tarar makarantunmu sun yi tarayya a kai, shi ne horon yaron da ya yi Hausa a aji. A wajensu ana rataya masa wata alama a wuya, ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa. A wajenmu tara ce ko bulala. Shi kansa taubashin nawa, Bahaushe ɗan Bahaushe, da ƙyar yake haɗa rubutun Hausa. Na ba shi aron Magana Jari Ce na Abubakar Imam, bai dawo mini da shi ba har yau, wai bawa ba ya bin ubangijinsa bashi. Daga baya ya nemi a mayar da shi makarantun gwaji masu koyarwa da Hausa da Faransanci, waɗanda Nijar ta fara a Damagaram a 1973. Nan na gane akwai inda suka riga mu.

A watan Afrilun 1984 aka rufe iyakokin Nijeriya saboda canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai a 1986. Daminar 1984 kuma ta ƙi. Mutanen arewa suka riƙa gangarowa cikin dare ta hanyoyin daji, mata da goyo, tsofaffi a kan jakuna, suna sayar da dabbobinsu a bakin tiyar gero. Gidajen Sandamu da Fago da Kwasarawa da yawa sun sauki baƙi a shekarar nan, ba tare da an tambayi kowa takarda ba. Mu ma mun riƙa aika wa gwaggo abin da ya samu ta hannun masu raƙuma. Da muka haɗu da taubashina bayan an buɗe hanya, ya ce ajinsa ya watse har ya rasa wanda zai share allo. Ya kuma gaya mini sunan da mutanensu suka laƙaba wa yunwar, sunan shugaban ƙasarmu na lokacin, wanda ɗan Daura ne. Ranar babu wanda ya tsokani wani a cikinmu.

Farafenni

A 1987, lokacin Farfesa Bolaji Akinyemi yana ministan harkokin waje, gwamnatin Babangida ta kafa shirin TAC na tura ƙwararrun Nijeriya, malamai da likitoci da injiniyoyi, zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da Pasifik. Aikin shekara biyu ne, Nijeriya ke biyan alawus, ƙasar da ta karɓe ka ta ba ka masauki. Bayan na yi digiri a Jami'ar Bayero na nema, Allah ya sa aka ɗauke ni a tsakiyar shekarun 1990, aka tura ni Gambiya koyar da tarihi.

Farafenni gari ne a arewacin kogin Gambiya, a kan hanyar da ta taso daga Dakar ta nufi Kasamas. Lokacin ba a yi gada ba, sai a 2019 aka buɗe ta, don haka manyan motoci kan yi dogon layi suna jiran jirgin fito. Ƙasar kuwa kamar an ɗauko Daura an ajiye: kuka, gero, gyaɗa, amalanken jaki, da babbar kasuwa ran Lahadi da ke cika da mutanen tsallaken iyaka. Gambiya siririya ce, Senegal ta kewaye ta ta ko'ina ban da bakin teku. Kusan duk malamin da muke aiki tare yana da ɗan'uwa a can yana koyarwa da Faransanci. Labarina da taubashina ne, sai dai da Wolof da Mandinka da Fulatanci ake ba da shi.

Nan na ɗanɗana baƙunci. A shingen hanya, da an ga koren fasfo sai a ce in koma gefe. Sunan ƙasarmu ya ɓaci da labarin 'yan damfara, ga shi an dakatar da mu daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a watan Nuwamban 1995. Ofishin malamanmu kuma ya tuna mini da na kwalejinmu: 'yan Saliyo da yaƙin ƙasarsu ya koro, 'yan Gana, da mu. Ɗaya daga cikin 'yan Ganan yana cikin waɗanda suka bar Nijeriya a 1983. Shi ne ya fara nuna mini inda ake sayen gawayi da shinkafa mai sauƙi, shi ya koya mini zaman shayin ataya da cin domoda, miyar gyaɗarsu. Bai taɓa tayar mini da maganar ba sai da ni na tayar.

A watan Agustan 1996 Nijeriya ta buga wasan ƙarshe na ƙwallon Olamfik da Ajantina, bayan Kanu ya fitar da Barazil. Muka taru a wani shago mai janareta. Da aka tashi Nijeriya na da uku, Ajantina na da biyu, garin ya rikice da ihu da ganguna. Wani ɗan sanda da ya sha tsare ni a shinge ya rungume ni yana cewa mun ci, mun ci. Ban tambaye shi su wa yake nufi da mu ba. Washegari ma ya duba fasfona kamar kullum, amma yana murmushi.

A aji na sami abin da ya fi ƙwallo daɗewa. Daular Mali, wadda a Daura muke koyarwa a matsayin labarin nesa, a wurin ɗalibaina tarihin gida ce. Sun ji labarin Sunjata a bakin maroƙansu masu kora tun suna goye, kuma sunayen zuriyarsu na cikin labarin. Suna da wasan dangi tsakanin zuriya da zuriya irin na Fulani da Barebari ko Kanawa da Zagezagi. Wata rana na kawo musu abin da tarihin Kano ya adana, cewa a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci, suka tsayar da salla, aka naɗa liman da ladan daga cikinsu. Na ce musu: "Kakanninku ne malaman kakannina. Bashi na zo biya." Wata yarinya a sahun gaba ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, to ashe ka makara ƙwarai." Tun daga ranar suka daina kirana ɗan Nijeriya, suka koma ce mini ɗalibin kakanni.

Mutum na uku a wata unguwa ta bayan gari na same shi. Ina dawowa daga isha'i na hango wuta, na ji wata murya da ta tsayar da ni. Yara ne kewaye da gargarin wuta, kowa da allonsa, rubutun irin namu, tawadar irin tamu, karatun Warshu. Na tsuguna na gaida malaminsu, tsoho tukuf. Ba ya jin Turanci, ba na jin Mandinka, sai muka lallaɓa da Larabcin littafi. Ya tambaye ni me na karanta, na ce Ahalari da Ishmawi da wani abu na Risala. Ya ja baƙi, na ƙarasa, ya yi dariya ya sa aka kawo mini tabarma. Ashe a ƙuruciyarsa ya je hajji ta ƙasa, ya yada zango a Kano, har yana tuna gaisuwar Hausa. Ya ce in je Kaulaha, nan tsallaken iyaka, lokacin Mauludi, zan ga mutanenmu a Madina Baye, wurin Shehu Ibrahim Inyas wanda ya rasu a 1975. Na je, na kuwa ji Hausa ta ko'ina, ta Kano da ta Kumasi da ta Damagaram.

Wani dare na yi masa bayanin ƙungiyar haɗin kan Afirka da aka kafa a Adis Ababa a 1963, da ECOWAS da aka kafa a Legas a 1975. Ya saurara har na gama, sa'annan ya ce: "Ɗana, ku 'yan boko kuna son haɗa ƙasashen nan da taro a otal. Mu da ƙafa muka haɗa su, tun kafin a haifi masu taron."

Gaskiya ya faɗa, amma ba duka ba ce, domin hanyarsa ba ta bi ta ƙofar Masta ba. Da Masta boko ya haɗa mu, addini da abinci suka bambanta. Da taubashina jini da harshe suka haɗa mu, boko ya raba. Da tsohon nan allo ya haɗa mu, ba harshe, ba boko. Babu igiya ɗaya da ta ɗaure mu duka, kowane biyu da tasu. Wanda ke jiran ranar da za a sami abu guda da duk 'yan Afirka suka yi tarayya a kai kafin ya yarda da 'yan'uwantakar, zai daɗe yana jira. Wanda kuma bai taɓa saukar baƙo ba, bai taɓa zama baƙo ba, da wuya ya koya wa yaro ita, ko da ya haddace manhaja.

Yau na yi ritaya, ina zaune a Sandamu, abin da na gani a 1983 da 1984 yana ta maimaita kansa. An rufe iyaka a watan Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, har aka yi ta maganar yaƙi, mu da ke da surukai a Magarya muka kasa barci. A watan Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. A shekarar kuma Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ga kuma aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa Daura. Gwamnatoci suna buɗewa suna rufewa gwargwadon fushinsu da buƙatarsu.

Abin da ke damuna shi ne malaman da muka bari a baya. Yawancinsu ba su taɓa aiki da wani ɗan wata ƙasa ba. Manhajarmu ta ce a koyar da Faransanci a ƙaramar sakandare, makarantu da yawa ba su da mai koyarwa, alhali masu Faransanci a baki suna nan tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba, su ma suna neman mai koya musu Turanci. Littattafan Hausa da muka tara tun zamanin Hukumar Talifi ta Zariya suna da amfani ga lakwal ɗin Matamaye, gogewarsu ta koyar da yaro da harshen uwa tana da amfani gare mu. Wannan ba ya buƙatar taron shugabanni. Hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, da sufetan makarantu na can, da yardar masarautun Daura da Damagaram, sun isa su shirya malami ya je zango ɗaya, wani ya zo. Zumunta a ƙafa take, ta malamai ma haka.

Kawu ya rasu, gwaggo ta rasu, tsohon Farafenni ma na sami labarin rasuwarsa. Allah ya jiƙansu da rahama. Taubashina yana nan, ya yi ritaya shi ma, jikokinsa biyu suna karatu a Katsina, ɗan ƙanena kuma yana jami'a a Maraɗi. Su ne za su gaya mana ko rabin labarin da ke jakar kowannenmu ya haɗu a tasu.